Yadda Ake Shirya Ayarin Tsofaffin Motoci Zuwa Yankin Tafkuna na Ingila

A arewa maso yammacin Ingila, cikin lardin Cumbria, akwai wani yanki na duwatsu da kwaruruka da tafkuna wanda mutanen ƙasar ke kira Lake District, wato Yankin Tafkuna. An keɓe shi a matsayin gandun ƙasa a 1951, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren gado na duniya a 2017. A nan ne Windermere yake, tafkin da ya fi kowane tsawo a Ingila, da Wastwater wanda ya fi kowane zurfi, da kuma dutsen Scafell Pike mai tsayin mita 978. Duk shekara ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci sukan ɗaura aniyar zagaya wannan yanki a ayari, da motoci irin su Morris Minor da MGB da Mini da Triumph da Jaguar E-Type, waɗanda mafi yawansu sun haura shekara hamsin a duniya.

Abin da ke raba wannan tafiya da sauran yawon buɗe ido shi ne, ba kyawun tafki ne ke tsara ta ba. Motar da ta fi kowace rauni a cikin ayarin, da hawan da ya fi kowane tsanani a kan hanyar, su biyun ne ke yanke hukunci a kan sauran al'amura duka, daga yawan mil ɗin da za a yi a yini har zuwa wurin da za a ci abincin rana. Wanda ya fara shiri daga hotunan tafkuna, ya bar maganar birki da lagireto zuwa ƙarshe, shi ne ake samu a gefen hanya da bonet a buɗe, tururi na tashi.

Mataki na ɗaya: a tsayar da shugabanci, da adadi, da lokaci

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba su taɓa tashi ba madugu ba, kuma tsarinsu ya dace da wannan tafiya. Ana bukatar madugu guda, wanda kuɗi da masauki da yanke shawara ke hannunsa. Da jagaba, wanda ya san hanya kuma motarsa ke gaba. Da motar ƙarshe, wadda ya kamata ta zama ta zamani mai ƙarfi, ɗauke da kayan gyara da igiyar ja da mutumin da ya san kanikanci. Kada mutum ɗaya ya haɗa aikin madugu da na jagaba, domin wanda ke karatun hanya ba shi da sukunin amsa wayar otal.

Mota takwas zuwa goma sha biyu su ne daidai. In sun wuce haka, samun wurin ajiye su tare a garuruwa kamar Ambleside da Hawkshead ya zama aiki, kuma jerin gwanon ya zama azaba ga manoman da ke son kaiwa ga gonakinsu. Ko da goma ɗin ne, a kan hanya a kasa su rukuni rukuni, mota huɗu ko biyar a kowane, a bar tazarar minti biyar tsakaninsu. A kuma fayyace tun farko cewa yawo ne, ba gasa ba. Da zarar an shigo da auna lokaci ko ba da kyauta ga wanda ya riga isa, tafiyar ta shiga ƙarƙashin dokokin gasa a kan titin jama'a, sai an bi ta hannun Motorsport UK, hukumar da ke kula da gasar motoci a ƙasar, kuma inshorar yawancin mahalarta ba ta ɗauki wannan ba.

Game da lokaci, watan Yuni da watan Satumba sun fi, kuma ranakun aiki sun fi Asabar da Lahadi nesa ba kusa ba. Daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Agusta makarantu suna hutu, titin A591 tsakanin Windermere da Ambleside yakan cushe, kuma babu abin da tsohon inji ya tsana kamar tsayuwa cikin cunkoso yana aiki ba iska. A watan Mayu akwai ranakun hutun ƙasa biyu, Litinin ta farko da ta ƙarshe, akwai kuma wata Lahadi da dubban masu kekuna ke tseren Fred Whitton, wanda ke bi ta kan kusan duk hawan da za a ambata a ƙasa. A duba ranarsa a kauce mata. Ruwan sama kuwa ba a guje masa a kowane wata, domin ƙauyen Seathwaite da ke kwarin Borrowdale yana samun ruwan da ya haura mita uku a shekara, shi ne wurin da mutane ke zaune da ya fi ko'ina ruwa a Ingila.

Mataki na biyu: a duba motoci, wata guda kafin tashi

A Birtaniya, motar da ta cika shekara 40 ba a yi mata babban sauyi ba, doka ta ɗauke mata gwajin lafiyar mota na shekara shekara da ake kira MOT, tun daga Mayun 2018. Wannan sassauci ne na takarda, bai ce motar lafiyayya ce ba, kuma alhakin lafiyarta yana nan a wuyan mai ita. Shawarata ita ce madugu ya sharɗanta wa kowa kai motarsa gareji a duba ta, ko da doka ba ta tilasta ba, kuma a yi haka wata guda kafin tafiya, don in an sami matsala a sami sararin odar kayan gyara.

Birki ne farko. Yawancin waɗannan motoci suna da birki irin mai ganga, aƙalla a ƙafafun baya, wasu kuma kamar Morris Minor a duka huɗun. Irin wannan birki in ya yi zafi ganga takan buɗe, kamunsa ya ragu, direba ya ji yana takawa amma motar ba ta jin magana. Ga kuma matsalar man birki, wanda ke shan danshin iska sannu a hankali. In ya daɗe ba a canza ba, ruwan da ke cikinsa yakan tafasa a doguwar gangara, sai feda ta nutse har ƙasa ba tare da ta kama komai ba. Duk motar da ba a canza wa man birki cikin shekara biyu ba, a zubar a sa sabo. A duba robobin birki ko sun tsattsage, a kuma gwada birkin hannu a kan tudu na gaske, domin a wannan tafiya za a dogara da shi wajen tashi a tsakiyar hawa fiye da sau ɗaya.

Na biyu shi ne sanyaya inji. A wanke cikin lagireto, a matsa kowace robar ruwa da hannu a ji ko ta bushe ko ta yi laushi fiye da kima, a duba murfin lagireton, a ɗaure fambel daidai. Na uku taya. Tsohuwar mota ba ta yawan tafiya, saboda haka tayarta takan tsufa tana da sauran zane kamar sabuwa, alhali robar ta ƙandare ba ta kama jiƙaƙƙen titi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2314 na nufin mako na 23 na shekarar 2014. Wadda ta kai shekara goma a cire ta, har da safaya.

Sai maganar mai. Tun Satumban 2021 fetur na gama-gari a Birtaniya ya koma E10, wanda ke ɗauke da sinadarin itanol har kashi 10 cikin 100, kuma wannan sinadari yana cin tsofaffin robobin mai da wasu sassan kafireto. Tsohuwar mota E5 take sha, mai itanol da bai wuce kashi 5 ba, wanda ake sayarwa a famfon fetur mai tsada, kuma ba kowane ƙaramin gidan mai ke da shi ba. An kuma daina sayar da fetur mai dalma ga jama'a tun shekarar 2000, don haka injin da ba a gyara masa mazaunin bawul ba yana bukatar maganin da ake ɗigawa cikin tanki a madadin dalmar. Kowa ya zo da kwalbarsa.

Kayan da kowace mota za ta ɗauka ba su da yawa: fambel, fulogi, kwantak da kwandansa, kwayil, fis, galan na ruwa, bakin mai, man birki, jak da sifanu, tocila, da katako mai kusurwa na tare taya. In akwai motoci iri ɗaya a ayarin, su raba kayan tsakaninsu. Kowa kuma ya tabbata yana da rajista da kamfanin ɗauko mota in ta lalace, irin su AA ko RAC, kuma rajistar ta haɗa da mai da motar har gida.

Wanda zai zo daga wata ƙasa ya yi hayar tsohuwar mota a can, lasisinsa na gida yana ba shi damar tuƙi har wata goma sha biyu, sai dai ya tuna a hannun hagu ake tuƙi, kamar yadda ake yi a Nijeriya kafin Afrilun 1972, kuma allunan hanya da mil suke lissafi, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Masu zuwa da yara su sani cewa motocin da aka ƙera kafin 1965 da yawa ba su da bel, kuma doka ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara uku ba a motar da ba ta da shi.

Mataki na uku: a tsara hanya, sannan a je a bi ta

Kwana uku sun isa, kuma hikimar ita ce a jera su daga mai sauƙi zuwa mai wuya, yadda motar da ke da ɓoyayyen ciwo za ta bayyana shi tun ana kusa da gari. A kama masauki ɗaya a Ambleside ko kewayenta a riƙa fita ana dawowa, maimakon sauya otal kullum. A tambayi otal ɗin ƙarara ko filinsa zai ɗauki motocin duka, a kuma karɓi amsar a rubuce.

Ranar farko ta gwaji ce, ba ta kai mil 50 ba. A haɗu kusa da Kendal, wadda ake shiga daga mahaɗa ta 36 a babban titin M6, a bi A590 zuwa Backbarrow inda gidan tarihin motoci na Lakeland Motor Museum yake tun 2010. Daga nan a bi A592 ta gabashin Windermere zuwa Bowness, a shiga jirgin fito da ke tsallaka tafkin zuwa Far Sawrey. Jirgin mota 18 yake ɗauka a sahu guda, yana tafiya a kan igiyoyin ƙarfe, kuma iska mai ƙarfi ko gyara kan dakatar da shi, saboda haka a tambaya da safe. A wuce Hawkshead zuwa Coniston, tafkin da Donald Campbell ya rasu a kansa ranar 4 ga Janairu 1967 yana ƙoƙarin karya tarihin gudu a kan ruwa. Jirginsa Bluebird K7 yana gidan tarihi na Ruskin a cikin garin tun 2024. A koma Ambleside ta A593.

Rana ta biyu ita ce doguwa, kusan mil 80. A hau Kirkstone, mai tsayin mita 454, wanda shi ne hawa mafi tsayi da mota ke bi a yankin. Akwai gajeriyar hanya da ta miƙe sama daga tsakiyar Ambleside, wadda mutanen wurin suka laƙaba wa suna The Struggle saboda wahalarta. A bar ta, a zagaya ta Troutbeck a kan A592, hawan ya fi sauƙi. A gangara ta gefen ƙaramin tafkin Brothers Water zuwa Glenridding da Ullswater, a tsaya a magangarar ruwa ta Aira Force, a bi A5091 da A66 zuwa Keswick a ci abinci a sha mai. Da rana a bi B5289 ta gefen Derwentwater a ratsa Borrowdale, a hau Honister, mai mita 356, inda ake haƙar dutsen rufin ɗaki har yau, a sauka Buttermere da Crummock Water, a komo ta Whinlatter, sannan A591 ta gefen Thirlmere da Grasmere.

Rana ta uku ta hawan Wrynose da Hardknott ce, kuma tana da nata mataki a gaba.

Bayan an zana wannan a taswira, zuwa da kai ya fi aike. Jagaba da mutum ɗaya su je su bi hanyar da motar zamani mako biyu ko uku kafin tafiya, suna rubuta nisan kowace mahaɗa, da wuraren da mota goma za su iya tsayawa ba su tare hanya ba, da gidajen man da ke da E5, da banɗakuna. Ambaliyar Disamban 2015 ta yanke A591 a kusa da Thirlmere har tsawon watanni, ta kuma tafi da tsohuwar gadar Pooley Bridge, saboda haka a sake duba sanarwar rufe hanyoyi ta ƙananan hukumomin Cumberland da Westmorland and Furness ana jibi tashi.

Daga wannan bincike ake rubuta littafin hanya, a ba kowace mota kwafi. Salon da aka saba shi ne zanen tulip, wanda ya samo suna daga wata gasar motoci ta ƙasar Holan: kowace mahaɗa ana zana ta a ƙaramin akwati, ɗigo baƙi yana nuna inda ka fito, kibiya tana nuna inda za ka, a gefe kuma an rubuta nisa. Na'urar nuna hanya ta waya ba abar dogaro ba ce a nan, domin sabis yakan ɗauke a cikin kwaruruka, kuma na'urar ba ta san bambancin hanyar da ta dace da Land Rover da wadda ta dace da Austin-Healey mai salansa dab da ƙasa ba. A riƙe taswirorin takarda na hukumar taswira ta Ordnance Survey, lamba OL4 zuwa OL7, su huɗun sun rufe yankin.

Mataki na huɗu: dokokin ayari a kan hanya

Kowace safiya kafin a tayar da inji, madugu ya tara direbobi na minti goma ya maimaita hanyar yini da zangon da za a haɗu. Motar da ta fi rashin ƙarfi a sa ta ta biyu, bayan jagaba, domin ita ce ma'aunin gudun kowa. In aka bar ta a baya, direbanta zai yi ta matsa mata don ya cim ma sauran, har ta yi zafi.

Doka mafi muhimmanci ita ce kowane direba yana da alhakin motar da ke bayansa, ba wadda ke gabansa ba. In ka iso mahaɗar da za a karya kwana ba ka ga na bayanka a madubi ba, ka tsaya a wuri amintacce inda zai hango ka, har ya iso. In kowa ya kiyaye wannan, tsayuwar mota ɗaya a can baya za ta isa ga jagaba da kanta, mota bayan mota. In wata ta lalace, motar ƙarshe kaɗai ke tsayawa tare da ita, sauran su wuce zango na gaba su jira. Mota goma a gefen siririyar hanya, kowa ya sa kai cikin bonet yana ba da shawara, haɗari ne kuma ba ya gyara komai. Oba-oba guda a gaba, guda a tsakiya, guda a baya yana da amfani inda waya ba ta kamawa, amma fasinja ne zai riƙe shi.

Hanyoyi da yawa a nan faɗin mota ɗaya ne, da katangar dutse hagu da dama, sai an yi ɗan nisa a sami wani ɗan lungu da aka faɗaɗa don a ba juna hanya. In lungun yana hagunka ka shiga, in yana damanka ka tsaya daidai da shi a gefenka, mai zuwa ya shiga. Ba a ajiye mota a cikinsa don ɗaukar hoto. Dokar hanya ta Birtaniya ta ce a ba mai hawa hanya duk inda ya yiwu, kuma in motocin mutanen gari sun taru a bayanka, ka raɓe su wuce. Tumakin Herdwick, masu furfurar jiki da farar fuska, suna kiwo a sake a kan tuddai, sukan kuma kwanta a tsakiyar kwalta don ɗuminta, su dube ka suna tuƙa ba su da niyyar tashi. Ba a yi musu oda da ƙarfi, a matsa a hankali. In ka ga ɗan rago a gefe ɗaya uwarsa a ɗaya gefen, ka ɗauka zai tsallaka, domin zai tsallaka.

Mahalarta Musulmi su sanar da madugu tun wuri don a daidaita zango da lokutan salla, su kuma zo da darduma da buta, tunda masallaci ya yi nisa daga waɗannan kwaruruka. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa a nan sai kusan ƙarfe goma na dare.

Mataki na biyar: Wrynose da Hardknott

Hardknott yana cikin hanyoyin mota da suka fi tsananin hawa a Ingila baki ɗaya. A wasu wurare hawan ya kai kashi 30 cikin 100, wato a kowace mita goma da ka yi gaba hanya ta ɗaga mita uku, kuma mafi munin hawan yana cikin kwanonin ne, inda titin ke naɗewa kamar maciji, kwaltar ta yi kunya kunya saboda birkin motoci. Shi da Wrynose tsayinsu ɗaya, mita 393. Kada a tilasta wa kowa. Da daren rana ta biyu madugu ya tambayi kowane direba shi kaɗai, ba a gaban jama'a ba, domin kunya takan sa mutum ya amsa abin da motarsa ba za ta iya ba. Motar da ta yi zafi a Kirkstone, ko kulocinta ya yi ƙauri a Honister, ta riga ta ba da amsa.

A cika tanki a Ambleside, a tashi da sassafe kafin masu yawo su fito, a bi ta Little Langdale a hau Wrynose. A samansa akwai dutsen Three Shire Stone, inda iyakokin tsofaffin larduna uku, Cumberland da Westmorland da Lancashire, suka haɗu har zuwa 1974. A gangara zuwa gadar Cockley Beck, a nan hanya ta rabu. Masu Hardknott su yi dama. Sauran su yi hagu su bi kwarin Duddon zuwa Ulpha, su haura ta Birker Fell su sauka Eskdale. Hanya ce kyakkyawa, tana da nata hawan amma ba ta kai waccan ba, kuma ba abin kunya ba ne bin ta. Kowa ya haɗu a tashar ƙaramin jirgin ƙasa ta Dalegarth kusa da ƙauyen Boot, inda akwai filin ajiye motoci da shayi.

A gindin Hardknott a daina tafiya a jere. A saki mota ɗaya, a jira ta yi nisa sosai, sannan a saki ta gaba, domin in ta gaba ta mutu a kwana, ta baya ba ta da wurin zuwa. A shiga giya ta ɗaya tun kafin hawan ya tsananta. Wannan ya fi muhimmanci ga motoci irin Morris Minor da MGB na farko farko, waɗanda giyarsu ta ɗaya ba ta shiga salin alin in mota na tafiya, sai direban da ya ƙware wajen taka kuloci sau biyu. Wanda ya shiga kwana a giya ta biyu injin ya fara shaƙewa, ba shi da mafita sai tsayawa cik a wurin da ya fi ko'ina muni. A riƙe totur daidai ba tare da ɗagawa ba, a cire ƙafa daga kan kuloci gaba ɗaya, a ɗauki kwana ta bakinta na waje inda hawan ya fi sauƙi in babu mai zuwa, fasinja kuma ya ɗaga kai yana duba sama yana faɗa. In allurar zafi ta fara hawa, a kunna hita har ƙarshe a buɗe gilashi, domin hita ƙaramin lagireto ce, tana janye zafi daga inji. In ta kai ja, a tsaya a wuri mai faɗi, a ja birkin hannu, a sa katako a bayan taya, kada kuma a taɓa murfin lagireto sai ya huce.

In motar ta mutu haka kawai kamar mai ya ƙare, a saurari famfon mai. Motocin Birtaniya na wancan zamani da yawa suna da famfon lantarki na kamfanin SU, wanda ke yin ƙas ƙas ƙas in an murza makulli. Na taɓa tsayawa a bayan wata MGB da ta yi shiru a kan hawa, mai ita ya tare taya, ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ciyawa kusa da ƙafar baya, ya ƙwanƙwasa famfon sau biyu da ƙotar sukudireba, sai ga ƙarar ta dawo. Wannan dabara tana kai mutum masauki, amma famfon yana neman gyara a daren.

Gangara ta fi hawa haɗari. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka, injin ne zai riƙe motar, birki taimako ne kawai. A taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci a saki, maimakon a ɗora ƙafa a kansa tun daga sama har ƙasa. In ka ji ƙauri kamar na tukunyar da aka manta a wuta, ko feda ta fara laushi, ka tsaya nan take. A tsakiyar gangaren yamma akwai kangon sansanin sojan Rum da aka gina a ƙarni na biyu zamanin sarki Hadrian, da ɗan wurin tsayawa a gefen hanya. Wuri ne mai kyau na barin birki ya sha iska kamar minti ashirin, mota biyu ko uku a lokaci guda. A irin wannan tsayuwa a bar motar cikin giya da katako a taya, kada a ɗaure birkin hannu a kan ganga mai zafi. In an sami haɗari a kira 999, a nemi 'yan sanda, su ne ke turo masu ceto na kan duwatsu.

Daga Dalegarth ayari ya sake haɗuwa ya bi ta Santon Bridge zuwa Wastwater, mai zurfin mita 79, inda gangaren tsakuwa ke zubowa daga dutse kai tsaye cikin baƙin ruwa. Hanyar ta ƙare a Wasdale Head, dole a juyo ta inda aka shiga. Komawa masauki kuwa ta A595 da Broughton da Coniston za a yi, kada a sake bi ta Hardknott da yamma da gajiyayyun direbobi.

Mataki na shida: duban yamma da komawa gida

Kowace yamma, bayan inji ya huce, kowa ya duba bakin mai da ruwa da man birki, ya leƙa ƙarƙashin motar ko akwai sabon ɗigo, ya gwada notocin taya, musamman masu ƙafafun waya irin na keke. A cika tanki da yamma, don kada safiya ta tafi a layin gidan mai. Masu motoci marasa rufi su ja rumfarsu ko da sama ta yi garau, su kuma ajiye tsumma a kusa, domin gilashin tsohuwar mota yakan yi hazo daga ciki da zarar ruwa ya sauko.

Ranar watsewa, madugu ya karanta lissafin kuɗi a gaban kowa, ya mai da rarar da ta saura. Waɗanda hanyarsu ɗaya su tafi bibbiyu, domin motar da ta jure kwana uku a mil 30 cikin sa'a takan nuna gajiyarta ne in ta hau M6 ta yi sa'a biyu tana gudu ba tsayawa. Kowa ya aika wa madugu saƙo in ya isa gida, motar ƙarshe kuma kada ta sauke kayan gyara da igiyar ja sai saƙon mutum na ƙarshe ya shigo.